Kwanakin da Jika Dillali Ya Yi Mulkin Kansa

Litinin, 11 ga Yuli 1960, da hantsi

Ashe zaman kai akwai daɗi, ba a gaya mini da wuri ba. Ƙasa sai ranar uku ga watan gobe za ta karɓi mulkin kai daga hannun Faransawa. Ni Jika dillali na riga ta da mako uku, kuma ba kumandan da ya sa mini hannu a takarda. Ina tashi sa'ad da na ga dama. Ba mai tashe ni da waƙar ibada, ba mai cewa in rufe ido kafin in kai loma baki. Lahadi ta koma rana kamar sauran ranaku. Allah ma na ba shi hutu, shi ma ya ba ni. Ba faɗa muka yi ba. Kowa ya kama gabansa cikin mutunci, kamar fatake biyu da suka zo mararraba.

Lantana ta tafi Gidan Sori wurin wanta Iro mai bishara, yau kwana takwas. Ba saki, ba zagi. Ta share ɗaki, ta cika randa, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "In ka sami abin da za ka faɗa, ka san hanya." Ni ake gaya wa haka, ni da baki ne jarina tun ina da shekara goma sha huɗu.

Kayen nan, littafin rubutu, Balarabe ya ba ni, shugaban jam'iyya na nan Agiye, don in tsara jawabin ranar biki. In jawabi ya yi kyau, kujerar sakatare tawa ce. Shekara uku a lakol, makarantar Faransawa, biyu a ajin ƴan mishan, yau dai za su yi rana. Gaban kayen na jawabi ne. Bayansa nawa ne.

Talata, 12 ga Yuli, la'asar

Amina matar maƙwabcina Malam Sabo ta aiko da tuwo. Na ci. Lafiya lau nake.

Laraba, 13 ga Yuli, da safe

An yi ruwa. Na je gona ta hanyar rijiya. Ta fi nisa, amma ta bayan gonar Sabo akwai laka.

Juma'a, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Kasuwar Cadawa. Wani Bafillace ya ba ni jaki in sayar masa. Ni a sana'ata ba na buɗe bakin dabba in duba haƙora kafin in yabe ta. Da zarar ka gani da idonka, muryarka za ta sauka, mai saye kuwa kunne gare shi. Ka yaba abin da ba ka duba ba, sai maganar ta fito da ƙarfinta.

Mai sayen wani manomi ne daga Gazawa, ya zagaya jakin sau biyu ya ce, "Jika, wannan jaki ne ko kakan jakuna?"

Na ce, "Natsuwa ce kake gani, kake ce mata tsufa."

"Ai tari yake."

"Gaishe ka yake. Jakin gidan mutunci ne."

"Ƙafar bayan nan fa?"

"Ajiye ta yake don ranar aiki."

Ƴan kallo suka yi ta dariya, mutumin ma ya yi, ya ja igiya ya tafi da kayansa. Da can irin wannan ciniki tun a hanya nake gyara yadda zan ba da labarinsa a gida. Lantana ta ce "Allah ya shirye ka, Jika" tana ɓoye dariya. Akwai kuma mai kwaikwayon tarin jaki a gidan nan.

Akwai da.

Hatsi ya yi kyau bana a hanyar Cadawa.

Lahadi, 17 ga Yuli, da hantsi

Baba Chindo ya zo. Tsoho ne da ƴan mishan suka yi wa maganin kuturta shekarun baya, ya dawo garinsu da yatsu huɗu da bangaskiya. Mu uku ne masu bin Almasihu a unguwar nan, shi da ni da Lantana, kuma bai iya karatu ba, ita ma sai da ƙyar. Shekara shida ni nake karanta musu Littafi kowace Lahadi a rumfar gidan nan.

Ya shimfiɗa buzunsa inda ya saba. Na ce, "Baba, ai mai ibadar ta yi tafiya."

Ya ce, "Ban zo faɗa ba, ɗana. Na zo a karanta mini."

Na ce idona ke ciwo. Ya dubi kayen da ke hannuna, da alƙalami a kunnena, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ya zauna har inuwa ta bar buzun, sannan ya naɗe ya tafi.

Litinin, 18 ga Yuli, azahar

Na karanta wa Balarabe jawabi a buro, ofishin jam'iyya. Na sa hanyoyi, na sa rijiyoyi, na sa lakol a kowane gari, na sa gyaɗa ta yi daraja. Ya yi ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Ya yi. Amma ba Allah a ciki. Ka sa shi a farko, ka sa shi a ƙarshe, mutane na so."

Na barbaɗa shi wuri bakwai, kamar gishiri a miya.

Muna fita ya rage murya ya ce, "Maganar nan ta mishan ta wuce, ko? Ka san manya na tambaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin mata ne. Ni rakiya na yi."

Ya ce, "Ai na gani da idona ranar nan. Ka yi hankali." Ya dafa kafaɗata. Yabo ne. Na karɓa.

Laraba, 20 ga Yuli, magariba

Na ci. Lafiya lau nake. Randa ta ƙare, na sa an cika, ruwan bai yi sanyi ba.

Alhamis, 21 ga Yuli, da safe

Malam Sabo ya tare ni bakin rijiya, laka har gwiwarsa.

Ya ce, "Ruwan shekaranjiya ya zaftare gefe ɗaya. Na cika, na ƙara ƙaya. Sau uku ke nan. Ba aikina ba ne, Jika, aikin uba ne, amma ba zan bar wa karnuka ba."

Na yi godiya irin wadda na iya, mai tsawo. Ya bari na gama.

Ya ce, "Kusurwar nan ni na bayar, ban shuka ta ba, ba kuma zan shuka ba. Ba don addininku na bayar ba, don maƙwabtaka ne. Amma bari in tambaye ka. Ni na san inda nake kai goshina sau biyar. Lantana ta san inda take durƙusawa. Kai ina kake zuwa?"

Na ce, "Buro, Malam."

Bai yi dariya ba. Mutum na farko ke nan a Agiye da na jefa wa magana ta faɗi ƙasa.

Asabar, 23 ga Yuli, la'asar

Direban kamiyon Maraɗi, babbar motar kaya, ya kawo takarda, rubutun Iro. An tura shi koyarwa can ƙetaren iyaka, wajen Katsina. Za su tashi da iyalinsa ranar Litinin sha biyar ga Agusta. Lantana ta ce in ba ta ga dalilin zama ba, da ita za a tafi. Bai ƙara ko kalma ɗaya daga kansa ba, sai "Ubangiji ya kiyaye ka." Iro kullum haka yake, ba zai iya sayar da ko kaza ba.

Kwana ashirin da uku. Ya isa. Na taɓa shawo kan mutumin da ya rantse ba zai rabu da raƙuminsa ba, tsakanin azahar da la'asar.

Lahadi, 24 ga Yuli, da hantsi

Baba Chindo ya zo. Ya zauna. Ya tafi.

Litinin, 25 ga Yuli, da safe

Na rubuta mata takarda, shafi uku. Ba don ni na rubuta ba, amma ba a taɓa kai irinta Gidan Sori ba. Na tuna mata ranar da na fara ganinta tana tallar ƙuli a Tsibiri. Na ce gida ba ita kamar kasuwa ce bayan an watse. Na ce kujerar nan don ita nake nema, zan yi mata ɗakin soro, zan saya mata keken ɗinki. Na ce baƙin ciki ne ya ɗaure mini harshe ranar nan. Na karanta a fili don in ji yadda za ta sauka a kunne, har ni kaina na ji tausayin Jika.

Na ba direba.

Laraba, 27 ga Yuli, rana tsaka

Hanyar rijiya.

Asabar, 30 ga Yuli, la'asar

Takardata ta dawo, an naɗe ta yadda na naɗe. A bayanta Iro ya rubuta: "Na karanta mata duka. Ta ce in gaya maka jakin yana da kyau, amma ta san dillalin."

Shekara tara da aure. Laifina ne da na riƙa ba ta labarin ciniki.

Lahadi, 31 ga Yuli, da hantsi

Na fita tun kafin Baba Chindo ya zo. Da na dawo na ga shatin buzunsa a kan yashi.

Talata, 2 ga Agusta, la'asar

An share fili, an kafa itacen tuta, ƴan lakol na koyon tafiya a jere. Na wanke babbar rigata. Ban iya bugun riga ba, Amina ta taimaka. Ta dubi tabarma ƙarama da ke naɗe a saman ƙofa, ta ce ko in ba ta ta ajiye mini. Na ce a bar ta nan, tana tare ƙura.

Laraba, 3 ga Agusta, bayan la'asar

An yi. Ƙasa ta zama tamu.

Na hau tebur a gaban jama'ar da ban taɓa ganin irinta a Agiye ba. Har daga Gazawa an zo a ƙasa. Na yi magana kusan awa guda. Duk inda na yi niyyar a yi dariya an yi, duk inda na yi niyyar a yi shiru an yi. Wurare bakwai ɗin nan kuwa, kowanne sai da aka amsa da amin kamar za a tsaga fili. Mata suka yi guɗa. Wani tsoho ya kama hannuna yana hawaye ya ce Allah ya yi mini baiwa. Balarabe ya rungume ni gaban kowa ya ce, "Ga sakatarenmu." Manya za su zo daga Tasawa ranar Asabar ta mako mai zuwa su tabbatar.

Abin da na nema ke nan. An ba ni shi cif, ba a rage komai ba.

Na dawo gida na cire riga na rataye. Na zauna a rumfa ina jiran daɗin ya iso, kamar mai jiran kamiyo. Kaji suka shiga akurki. Bai iso ba.

Ina farin ciki da ƙasar, wannan gaskiya ne. Tutar tana da kyau. Amma na ji amin ɗari biyar yau, ko ɗaya ba ta taɓa ni ba, don na san wanda ya haɗa kayan, na kuma san bai duba haƙora ba.

Alhamis, 4 ga Agusta, da safe

Rana ta fito daga inda ta saba. Awakin Sabo sun shiga waken wani, ana faɗa. Ranar farko ta mulkin kai.

Na yi tsammanin Lantana ce babu a gidan nan. Na zauna na yi lissafin abin kamar ciniki. A ce ta dawo gobe, ta sami kujera, ta sami keken ɗinki. Sai me? Mu ci, mu ƙoshi, mu tsufa, a kai mu wata kusurwar gona, wani ya ƙara ƙaya sau uku ya gaji. In iyakarta ke nan, to ni da jakin Bafillacen nan bambancinmu riga ce. Shi ma an yabe shi a bainar jama'a.

Ba ita kaɗai ce babu ba.

Juma'a, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Cadawa. Ban yi ciniki ba. An kamo wani ɓataccen jaki yana cin hatsin mutane, aka ɗaure shi a turken sarkin kasuwa. Al'ada ce a yi shela kasuwa uku, ko mai shi zai fito. Yau ta uku. Sarkin kasuwa ya ce, "Jika, kai ne mai murya, zagaya mana."

Na zagaya. Jakin wa? Mai jaki ya fito. Ba wanda ya fito.

Da na dawo turke, ban san abin da ya kai ni ba, na duba shi. Na buɗe bakinsa, na ɗaga ƙafarsa, abin da ban taɓa yi ba. Saurayi ne, ya yi ƙiba, wata biyu ba wanda ya ɗora masa mangala. Yana ci inda ya so, yana kwana inda ya so. Bayansa duk tabon sanda, kowace gona ta ba shi nata. Kunnensa cike da kaska, wasu sun kai ƙwayar wake, don ba wanda zai zauna ya cire. In ya faɗa rijiya yau, ba gidan da za a ce jakinmu bai dawo ba.

Wani mahauci ya ce, "Wannan ai ya fi mu morewa, ba ubangida."

Na zauna na cire masa kaskar. Mutane suka taru suna kallo, wai sakataren jam'iyya na yi wa jaki kitso.

Asabar, 6 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta sau ɗaya, in huta.

Asabar ce, biyu ga Yuli. An aika wa Iro, amma gulbi ya cika, ba mai ƙetarewa. Ba mu da maƙabarta. Malam Sabo ya ba da kusurwar gonarsa, shi da ƙannensa suka haƙa, sannan suka ja baya suka tsaya nesa kaɗan don mu yi namu irin. Balarabe da mutanen jam'iyya shida suka zo, don mutunci. Da aka sa ta, Lantana ta kwance Littafin daga zanenta ta miƙo mini. Baba Chindo ya cire hula. Kowa na jirana.

Na dubi Littafin. Na dubi Balarabe. Na dubi sama.

Na ce, "A yi sauri, hadari na zuwa."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan a kan kabarin Mariyama, ɗiyata, mai shekara biyar.

Ba baƙin ciki ne ya ɗaure mini harshe ba, ƙarya na rubuta wa uwarta. Lissafi na yi, kuma da sauri na yi shi. Amma akwai abin da ya fi wannan, wanda sai yanzu na gani. Ko da Balarabe bai zo ba, ban san abin da zan ce ba. Shekara shida ina karanta wa mutum biyu Littafi da murya mai kyau, kamar yadda nake yabon dabbar da ban duba ba. Ranar da aka ce in tsaya a kan maganar da ƙafata, na taka na ji ba komai a ƙasa. Ba Littafin ne ba komai ba. Ni ne ban taɓa shiga ba.

Ruwan ma bai zo ba ranar.

Lahadi, 7 ga Agusta, azahar

Baba Chindo ya zo ya shimfiɗa buzu. Na ce, "Baba, naɗe. Raka ni bayan gonar Sabo."

Ba laka a hanyar. Hatsi ya fi ni tsayi, sai kusurwar nan fili. Ƙaramin wuri ne ƙwarai. Ƙasa ta ɗan nutse a tsakiya. Na ari fartanya na cika, na saro ƙayar aduwa na jera. Baba yana zaune yana ba da umarni kamar gardin kumandan: "Can gefen. Danne da dutse. Ba haka ake yi ba, ɗan lakol."

Da na gama na ba shi labarin jakin Cadawa. Ya saurara ya ce, "To kai a ganinka mai shi ba zai zo ba?"

Na ce, "An yi shela uku, Baba."

Ya ce, "Na jaki ke nan. Mu namu Ubangidan ba ya jiran shela. Shi ya taso da kansa ya biyo sawu, har aka kashe shi a hanyar neman, ya tashi ya ci gaba da nema. Ni a bukkar bayan gari ya same ni, lokacin da uwata ma daga nesa take ajiye mini abinci. Kana tsammanin Agiye ta yi masa nisa?"

Na ce, "Ni na san shi, na ce ban san shi ba."

Ya ce, "Ba kai ka fara ba. Kai ka karanta mini labarin almajirinsa da ya yi haka sau uku kafin zakara ya yi cara, har ka yi muryar zakara. Ka manta?"

Ban manta ba. Na yi muryar da kyau kuwa.

Ya ce in yi addu'a. Na buɗe baki, kalmomi masu kyau suka taso a jere, na san su duka, na san inda za a ce amin. Na haɗiye su. Malam Sabo ya leƙo ta cikin hatsi, ya dubi ƙayar, ya ce, "Ta yi," ya koma.

Talata, 9 ga Agusta, la'asar

Kamiyon Maraɗi Alhamis yake tashi, ba wani sai mako na sama. Manyan Tasawa Asabar za su zo. Na gaya wa Balarabe zan yi tafiya.

Ya ce, "Jika, kan mace? Mata sun ƙare a Agiye?"

Na ce, "Ba rakiya na yi ba, ranka ya daɗe. Abin nan da na ce na mata ne. Nawa ne, ko dai ina so ya zama nawa."

Ya daɗe yana kallona. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce, "Da ka faɗa tun farko, da wataƙila na san yadda zan yi da manya. Yanzu in ce musu me? Sakataren da ya yi mini ƙarya, ya kuma gudu ranar tabbatarwa?" Ya ce in yage masa shafukan jawabi, za a sake karantawa Asabar, ƙanen matarsa ya iya karatu. Na yage na ba shi. Kayen ya koma siriri.

Alhamis, 11 ga Agusta, magariba, Maraɗi

Kamiyo ya kafe sau huɗu. Mun tura.

Asabar, 13 ga Agusta, la'asar, Gidan Sori

Gulbi har ƙirji, na ɗora kayen a ka. Sauran hanya a ƙasa.

Na same ta tana daka a gidan Iro, kayan tafiya a ɗaure jikin bango. Ta rame. Ta ga ni ne, ba ta ajiye taɓarya ba.

Ta ce, "Ka zo da maganar?"

Kwana biyu ina hanya, na tsara buɗewa uku, kowace ta fi takardar nan. Na ce, "Ban zo da komai ba. Na gyara ƙayar."

Ta yi luguden nan sau biyu ko uku. Ta ce, "Da hannunka?"

Na nuna mata. Ƙayar aduwa ba ta ɓoye aikinta.

Ta ce, "Zauna." Ta kawo ruwa. Ba ta ce komai game da Litinin ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 14 ga Agusta, azahar

Su goma sha ɗaya ne a nan, a ɗakin kara. Bayan waƙa Iro ya ce, "Akwai addu'ar da ba a yi ba tun watan jiya. Mai ita ya zo." Bai gaya mini zai yi haka ba. Ashe Iro ma ya iya ciniki.

Na tashi. Ga abin da na ce, ban gyara ba:

"Ubangiji Yesu. Mariyama. Ni ne uban. Ban yi ba ranar. Tana wurinka, ka riƙe ta. Ni ma, in, in akwai wuri."

Sai murya ta ƙi. Na tsaya kamar turke. Wata tsohuwa ta ce amin don ta cece ni. Ba wanda ya yi guɗa. A lakol da mushe, malaminmu, ya ji wannan da na sha bulala.

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Abin da na sani kawai, na yi magana, kuma a karo na farko na ji akwai wanda ake yi wa.

Litinin, 15 ga Agusta, da hantsi

An ɗora wa jakunan Iro kaya. Lantana ta ɗauko ƙunshinta daga jikin bango, ta tsaya da shi a ka tsakanin ƙofa da jakuna har matar Iro ta ce, "Ke, rana na yi."

Ta juyo ta ce da ni, "Jiya ba ka iya magana ba."

Na ce haka ne.

"Shekara tara ban taɓa jin ka yi ta da muni haka ba." Ta gyara ƙunshin. "Zan je in ga ƙayar nan. Ban ce na huce ba. Kuma Lahadi za ka karanta mana, in Balarabe ya zo wucewa ka ƙara murya."

Na ce kujerar ma ta tafi.

Ta ce, "Da a kanta za mu kwana?"

Iro ya yi mana addu'a, gajeriya, suka kama hanyar kudu. Muna jiran gulbi ya ɗan sauka kafin mu ƙetare, shi ya sa na sami zaman rubuta wannan. Tana can gindin itace tana cin gyaɗa, ba ta ba ni ba.

Na bar kujera, na bar ɗakin soro da keken ɗinki, na kuma san ranar kasuwa za a yi ta nuna ni da baki daga Agiye har Cadawa. Abin da na karɓa a madadi: mata mai fushi, tsoho mai yatsu huɗu, kusurwar gonar wani, da Ubangida da ya duba haƙorana tun kafin ya saya, ya ga abin da ke ciki, bai fasa ba. Kai da ka tsinci kayen nan, in ka san kasuwa, gaya mini: a cinikin nan wa aka cuta?